Ruwa Na Dawowa, Baba Na Shan Shayi

Masu cewa na cika taurin kai, ku gyara zama, yau zan ƙara muku abin faɗa. Wanda bai san ni ba, sunana Munina, 'yar Nuwakshot. Na taɓa aure, ya mutu bara. Aka yi mini bikin fita daga aure kamar yadda ake yi wa kowace mace a wurinmu, aka kaɗa ganga, aka zana mini lalle har gwiwar hannu, ƙawayena suka cika gida da guɗa. A hoton bikin nan da ƙanwata ta ɗora a waya ne Isalmu ya gan ni.

Isalmu yana da kantin magani kusa da babbar kasuwa. Dogo ne siriri, ba ruwansa da hayaniya. A waya kuwa aku ne. Saƙo da safe, saƙo da yamma, har baiti yake tsara mini na yabon tafiyata, alhali ni na san tafiyar agwagwa nake yi. Amma da ya hango Babana a titi, sai ya ja rawani ya rufe fuska har ido, ya tsallaka ɗaya gefen. Rannan saura ƙiris amalanken jaki ya take shi.

Wannan halin ne ya sa Ummata da Gwaggo Salka, ƙanwar Baba, suka mace a kansa.

"Ɗan mutunci kenan," in ji Gwaggo. "Ko tari ba ya yi a unguwar da surukinsa yake. Ke me kike jira? Dube ki, kin rame kamar sandar kiwo, an samu mai so kina ta yanga."

"Tunani nake yi, Gwaggo."

"Tunani! Ko raƙumi ake saye ai yanzu an gama duba haƙora."

Kunyar nan da suke yabo ita ce ta kashe mini auren fari. Sidati, tsohon mijina, shi ma ɗan mutunci ne. Ranar da cikina na wata huɗu ya fara zuba, babban kawunsa yana falo ana shayi. Na aika masa, na sake aikawa. Ya kasa tashi a gaban kawu kafin kofi na uku, wanda sai an sha shi ake tashi daga shayi, ya kasa buɗe baki ya ambaci cikin matarsa a gaban babba. Da aka gama shayi aka kai ni asibiti, babu abin da ya rage. Wataƙila ko da wuri aka tafi haka za ta kasance, Allah ne masani. Amma ba wanda ya ga laifinsa, har cewa aka riƙa yi yaro ya sha tarbiyya. Baba ma bai ce uffan ba, kuma shirunsa ya fi komai yi mini ciwo. Tun daga ranar, in na ga namiji yana tsallaka titi saboda babba, ba burge ni yake yi ba, gabana ne ke faɗuwa.

A kan Isalmu ma Baba bai ce komai ba. A wurinmu dattijo ba ya buɗe baki ya ce na karɓi wane. In ya yarda kai surukinsa ne, sai shi ma ya fara kauce maka, ya daina kama sunanka, ka shigo ta ƙofa ya fice ta baya. To, Baba kullum gatsau yake kiran sunan, "Isalmu mai magani", kamar yana kiran mai gyaran famfo. Duk sanda Umma ta ji haka sai ta dafe kai.

Kowace shekara in lokacin kifi ya yi, Baba yakan tafi Nuwamghar, wani ƙauye a bakin teku, ya yi makonni a wurin masunta, ya ci busasshen kifi ya sha mansa saboda ciwon sukari. Bana motar da ke kai shi ta lalace. Umma ta ga faɗuwa ta zo daidai da zama, ta aika wa uwar Isalmu. Washegari sai ga farar motarsa mai shiga yashi a ƙofar gida, an wanke ta tana ƙyalli. Aka ce in bi Baba in kula da maganinsa, Gwaggo kuma ta biyo ta kula da ni.

Na naɗa laffaya mai shuni, irin wadda ke rina fata, don iskar teku ba ta da mutunci. Isalmu ya zo cikin farar babbar riga ya tattare ta a kafaɗa, ya naɗe kai da baki da baƙin rawani, ido kawai ake gani kamar ɗan fashi. Baba ya shiga gaba ya gyara zama.

"Isalmu mai magani, ba kwalta za mu bi ba. Bakin ruwa za mu bi, yadda muke yi muna samari. Na san hanyar kamar tafin hannuna."

Isalmu ya sunkuyar da kai. Can sai wayata ta motsa a cikin laffaya, saƙonsa ne.

"In bakin ruwa ne, sai mu tashi yanzu-yanzu. Ruwa ya janye, kuma ba zai jira mu ba."

Ai kuwa Gwaggo ta manta tabarma ta koma. Ta fito ta tuna gawayi. Ta sake fitowa maƙwabciya ta zo sallama, aka tsaya aka gaida kowa har awaki. Rana ta ɗaga sosai kafin muka bar gari.

Bayan kasuwar kifi Isalmu ya rage wa tayoyi iska, muka gangara kan damshin yashin da ruwa ya bari, wanda shi ne hanyar gaba ɗaya. Teku a hagu yana ta ruri, tudun yashi a dama, mu a tsakiya. Tsuntsaye suna tashi a gabanmu garke-garke, ƙaguwa suna ta zubawa cikin ramuka. Mun wuce wani tsohon jirgi da ya kife tsatsa ta cinye shi, mun wuce dila yana yagar mushen kifi bai ko ɗago kai ba. Ban da wannan babu kowa, babu gida, babu bishiya.

Baba ya ji iska ta buge shi, labari ya tashi. Yana yi yana jefo tambaya.

"Isalmu mai magani, ka taɓa kwana a nan da mota ta kafe?"

"A'a." Sitiyari ya gaya wa, ta cikin rawani.

"Maganin nan da kuke sayarwa, ba alli ba ne kuwa?"

"A'a."

Gwaggo ta mintsine ni a cinya. "Kin ji? Kin ji ladabi?"

Na ji. Irin wannan a'a ɗin na shekara biyu ina ji a gidan Sidati.

Wajen azahar muka isa inda tudun yashi ya miƙe kamar bene, ya gangaro tsaye har kusa da ruwa, babu ta inda ko jaki zai hau. A nan Baba ya ɗaga hannu ya ce a tsaya a yi salla. Muka yi. Ina naɗe sallaya na ji ya ce, "Salka, ɗora mana shayi."

Na ga Isalmu ya tsaya cak, hannunsa a kan ƙofar mota. Ya dubi teku, ya dubi ƙeyar Baba. Sai ya zagaya ɗaya gefen motar, ɓangaren ruwa, ya tsuguna, don mai neman aure ba ya shan komai a idon uban yarinya. Mu kuma muka shimfiɗa tabarma a inda mota ta tare iska. Baba da Gwaggo suka ba teku baya, kamar kowane mutumin tudu. Ni ce kaɗai nake fuskantar ruwan, ina hango shi ta ƙarƙashin mota.

Gawayi bai gama kamawa ba saƙo ya shigo.

"Munina, ruwa ya juyo. Ki gaya wa Baba mu tashi."

Na leƙa. Sawun tayar da muka bari a baya, ɗaya ya riga ya shafe.

Wallahi zan iya faɗa. Ni da Baba ba ma ɓoye-ɓoye a kan irin wannan, da na ce masa ruwa na zuwa, magana ta ƙare. Amma sai idona ya sauka a kan hannun Gwaggo tana ɗaga buta sama, shayi yana zuba cikin ƙaramin kofi yana kumfa. Wannan ƙarar ce na riƙa ji ta bango a waccan ranar, ina kwance ina jiran a zo. Na juya wayar cikin laffaya na rubuta.

"Kai ka gaya masa."

"Ke ma kin san ba zan iya ba."

"Na sani. Shi ya sa."

"Ba wasa nake yi ba. Gaba akwai inda ya fi nan matsewa. In ruwa ya riga mu, babu gaba babu baya."

"Yana da kunne, kana da baki."

Na kife wayar a kan tabarma. Ta motsa, ta sake motsawa, ban taɓa ta ba.

Ku zage ni, na yarda. Ga mahaifina mai ciwo, ga gwaggota da ruwa bai taɓa wuce mata idon sawu ba, ni kuma na zauna ina gwada namiji. Abin da na yanke a raina shi ne, da zarar ruwa ya taɓa tabarma zan yi magana, in kama hannun Baba mu tashi. In Allah ya kai mu, in ce wa Umma ta mayar wa gidan su Isalmu turarensu da laffayoyinsu da suka kawo na neman aure. Ina son sa, tun a lokacin na san ina son sa, amma ba zan sake kwanciya a ɗaki ina jiran a gama shayi ba.

Aka sha kofi na farko. Daga bayan mota Isalmu ya yi tari. Ba wanda ya kula. Ya shiga ya tada mota, ya kashe. Ya buɗe ƙofa ya rufe da ƙarfi.

"Motar yaron nan lafiya kuwa?" in ji Baba.

"Dubawa yake yi, Yaya. Mai kula ne."

Gwaggo ta zuba sukari a buta kamar mai cika buhu.

"Baba, sukari fa," na ce.

"Man kifi zai wanke. Zuba, Salka."

Ya karɓi kofi na biyu, ya kurɓa a hankali, ya shiga labarin wani raƙuminsa da ya ɓata shekara arba'in da suka wuce. Ina kallon farar kumfa ta taɓa tayar hagu ta koma. Ta dawo ta wuce taya. Ta koma. Ta uku ta lallaɓo ta ƙarƙashin mota kamar harshe, ta lashi bakin tabarma. Na ji zuciyata ta karye. Na buɗe baki.

Ban kai ga cewa Baba ba sai ga Isalmu ya zagayo. Ya sauke rawani har wuya. Ranar ce Baba ya fara ganin bakinsa da gashin bakinsa. Ya zo ya tsaya a kan dattijo, tsaye ƙiƙam, inuwarsa ta rufe kofuna.

"Baba, tashi. Ruwa ya zo."

Baba ya ɗago kai a hankali. "Yaro, ba ka ga shayi ake sha ba? Saura na uku."

"Babu na uku."

Ya sunkuya ya zare kofin daga hannun Baba ya watsar. Ya ɗauki buta ya juye a kan gawayi, hayaƙi ya tashi. Gwaggo ta dafe ƙirji.

"La'ilaha illallahu! Isalmu! Iska ce ta buge ka?"

"Gwaggo, ki shiga mota ko in ɗauke ki."

"Ka ɗauki wa?"

Ya riga ya kama Baba a damtse ya ɗaga shi tsaye. Ya juyo gare ni, idonsa jawur. "Ke kuma, bar tabarmar nan. Shiga."

Na shiga. A rayuwata ba a taɓa daka mini tsawa na ji daɗi ba sai ranar.

Tafiyar da ta biyo baya ba zan iya tsara muku ita ba. Igiyar ruwa ta zo ya rage gudu, ta janye ya taka. Gishiri ya rufe gilashi, mota tana sulɓi kamar a kan sabulu. Gwaggo ta karanta duk surar da ta sani, ta yi alkawarin rago, ta ƙara da akuya. Baba ya ƙanƙame mariƙin da ke saman ƙofa. A inda ya fi matsewa ruwa ya shigo ta ƙasan ƙofa, ya jiƙa mini laffaya har gwiwa, shuni ya rina masa shimfiɗar mota. Injin ya yi tari kamar zai mutu. Isalmu ya daki sitiyari.

"Tashi mana, 'yar banza!"

A gaban Baba. Gwaggo ta bar sura ta koma salati.

Motar ta tashi. Can tudun ya ja baya, fili ya buɗe, ya karkata dama ya hau busasshiyar ƙasa ya tsaya. Na waiwaya, babu hanya, teku ne kawai yana dukan gindin tudu. Isalmu ya saki sitiyari. Ya lalubo rawani ya mayar ya rufe baki, wai shi mai kunya. Dariya ta ƙwace mini, na cusa kai cikin laffaya, ban san sanda ta koma kuka ba.

Da la'asar muka shiga Nuwamghar. Mbarka, tsohuwar da Baba ke sauka wurinta duk shekara, ta tarbe mu da ƙwaryar madara, warin kifin da aka shanya ya cika ko'ina. Baba ya wuce cikin tanti ya zauna. Isalmu ya tsaya nesa a jikin mota. Gwaggo kuwa ko ruwa ba ta sha ba ta kira Umma.

"An fasa! Wallahi an fasa! Ya tuɓe rawani a gaban Yaya, ya ƙwace masa kofi a hannu, ya zagi mota. Ni ma ya ce zai ɗauke ni. Ni Salka! Ki haɗa musu turarensu yau ɗin nan."

Ta dafe bakin wayar ta juyo gare ni. "Ashe gaskiyarki da kike ja da baya, 'yar nan. Allah ne ya tona shi."

"Ni yanzu nake so, Gwaggo."

"Kike me?"

"Shi nake so. Shi zan aura."

"Ke dai in an ce gabas sai ki ce yamma. To, ba a hannunki take ba. Wanda aka wulaƙanta yana ciki."

Gaskiya ta faɗa. In Baba ya ɗauki abin a cin fuska, babu wanda ya isa ya ɗaura auren nan. Na duba waya. Saƙonnin da na ƙi buɗewa suna nan jere, na ƙarshe kuma sabo ne.

"Na ɓata komai. Zan zo in ba shi haƙuri in juya ta kwalta. Kuma ki sani ina fushi da ke."

"Kana da gaskiya," na rubuta. "Kada ka tafi. Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba."

Na hango shi ya gyara rawani ya nufo tanti, yana tafe kamar mai zuwa gaban alƙali. Mbarka ta riga ta ɗora wani shayin, Baba yana riƙe da kofi. Na tsaya a bakin tanti. In Baba ya ce, "Isalmu mai magani, shigo ka sha shayi," to shikenan, baƙo ne kamar kowane baƙo, ya sha ya kama hanya.

Isalmu ya iso ya cire takalmi ya yi sallama ƙasa-ƙasa.

Baba ya ɗago ya gan shi. Ya ajiye kofin. Ya kamo jelar rawaninsa ya rufe baki. Mutumin da kullum sai an ba shi hannu yake tashi, ya yunƙura shi kaɗai, ya ɗage bayan tanti ya sunkuya ya fice, babu takalmi. Can daga baya muka ji muryarsa.

"Mbarka, ki ce wa... ki ce wa mutumin nan a ba shi ruwan daɗi ya wanke motarsa. Gishiri na cin ƙarfe."

Mbarka ta dube ni, ta dubi Isalmu, ta sa hannu a baki ta rangaɗa guɗa. Gwaggo tana tsaye da waya a kunne, baki buɗe.

"Tsaya, tsaya," ta ce wa Umma. "Kada ki taɓa turaren nan tukuna."

Na ɗauki takalman Baba daga gaban Isalmu, ban yarda mun haɗa ido ba, na zagaya. Na samu Baba tsaye a kan ɓawon kifi da ƙaya, yana kallon teku. Na durƙusa na ajiye masa. Ya zura ƙafa ɗaya, ya zura ɗaya.

"Ke kin ga ruwan tun kofi na farko," ya ce.

Ba tambaya ba ce. Na sunkuyar da kai.

"Ni ma tun na farko nake jin sanyinsa a bayana. Na ce maki na san hanyar nan."

"To, Baba, me ya sa..."

"Jika ɗaya na rasa a kan kofi na uku. Na ce bari in ga ko wannan ma irin wancan ne."

Bai kalle ni ba, ni ma ban kalle shi ba. Ashe duk shirun nan da na riƙe shi da shi a zuciya, shi ma abin yana nan yana cinsa. Na ja laffaya na share fuska, shuni ya ɓata mini kumatu.

"Je ki," ya ce. "Ki faɗa wa Salka ta ba shi abinci. Tun safe bai sa komai a baki ba saboda ni."

Ina juyawa wayata ta motsa. Isalmu ne.

"Har yanzu ina fushi. Amma ina jikin mota, ina sauraro. Mene ne abin da ba ki taɓa gaya mini ba?"